Firist ta Makau: Li Tim-Oi da Gardamar Naɗa Mata

A ranar Kirsimeti ta shekarar 1941 birnin Hong Kong ya faɗa hannun sojojin Japan, bayan an yi kwana 18 ana gwabzawa. A hayin bakin kogin da ke yamma da shi, tafiyar 'yan sa'o'i cikin jirgin ruwa, akwai wani ƙaramin gari mai suna Makau, wanda yake ƙarƙashin mulkin Fotugal a wancan zamani. Da yake Fotugal ba ta shiga yaƙin ba, sai Makau ya zama mafaka. Mutane suka yi ta kwararowa daga Hong Kong da Kanton da ƙauyukan kewaye, har gari ya cika ya batse. Shinkafa ta yi wuya, yunwa da cuta suka yi ta ɗibar mutane a kan titi.

Cikin masu gudun nan akwai Kiristoci 'yan ɗarikar Angilikan. Suna taruwa a wata 'yar majami'a da ake kira da sunan Robert Morrison, ɗan mishan ɗin da ya shiga ƙasar Sin a 1807, kabarinsa kuwa yana nan dab da ita. Ba su da firist zaunanne. Da can wani yakan haye daga Hong Kong ya ba su Jibin Ubangiji ya koma, amma da yaƙi ya tsare hanyar ruwa sai zuwan ya yanke. Duk wanda ya yi zama a ikkilisiyar ƙauye, inda fasto ɗaya yake riƙe da majami'u da yawa, ya san irin wannan ƙishirwa: ana sujada kowace Lahadi, ana waƙa, ana wa'azi, amma wata da watanni teburin Ubangiji yana lulluɓe. Bambancin kawai shi ne mutanen Makau suna binne 'yan'uwansu kullum, ba wanda ya san ko zai ga wata Lahadin.

Wadda take kiwonsu mace ce, sunanta Li Tim-Oi. An haife ta a Hong Kong ranar 5 ga Mayu 1907. A zamanin da iyaye da yawa a ƙasar ba sa murna da haihuwar 'ya mace, mahaifinta ya raɗa mata suna mai ma'anar wadda ake ƙauna ƙwarai. Da aka yi mata baftisma tana 'yar makaranta, ta ƙara sunan Florence, don girmama Florence Nightingale, mai jiyyar nan ta Ingila. A 1931 ta halarci wata sujada a babbar majami'ar Hong Kong inda aka keɓe wata Baturiya ga hidimar ikkilisiya. Mai wa'azi ya tambaya ko akwai 'yar ƙasar Sin da za ta ba da kanta ita ma. Maganar ta zauna mata a zuciya. Ta tafi makarantar tauhidi a Kanton, ta gama a 1938, ta yi shekara biyu tana hidima cikin 'yan gudun hijira a Kowloon, sa'an nan aka aike ta Makau. A ranar tunawa da hawan Yesu sama, cikin Mayu 1941, aka naɗa ta dikin.

Ga wanda ba ɗan Angilikan ba, ya kamata a bayyana abin da wannan yake nufi. Dikin shi ne matakin farko na naɗi. Yana wa'azi, yana baftisma, yana jana'iza, amma ba ya keɓe gurasa da ƙoƙo. Wannan aikin firist ne, shi kaɗai. To, da hanya ta tsaru, sai mataimakin bishop, Mok Sau Tsang, ya ba Li Tim-Oi izini ta riƙa ba da Jibin Ubangiji tana dikin ɗinta. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Haka ta yi ta yi har wajen shekara biyu, jama'a kuwa suka karɓa daga hannunta, 'yan Sin da Turawa duka.

Bishop na Hong Kong a lokacin shi ne Ronald Hall, mutumin Ingila, tsohon sojan yaƙin duniya na fari. Yana can cikin yankin Sin da Japan ba ta ci ba sa'ad da labari ya kai masa. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, Hall ba ya cikin masu fafutukar a naɗa mata, shi da kansa ma ya faɗi haka. Abin da ya dame shi dabam ne. A ganinsa, dikin ya keɓe Jibin Ubangiji ya fi karya tsarin ikkilisiya a kan a naɗa mace firist bisa ka'ida. In dai aikin firist take yi, Allah kuma yana sa wa aikin albarka, to, barinta ba naɗi yaudarar kai ce. Ya kwatanta halinsa da na Bitrus a gidan Karniliyus cikin Ayyukan Manzanni sura 10, inda Ruhu Mai Tsarki ya riga ya sauko wa al'ummai tun Bitrus bai gama magana ba, bai kuwa ga dalilin hana su ruwan baftisma ba. A 1943 ya rubuta wa abokinsa William Temple, Babban Bishop na Kantabari, ya gaya masa nufinsa. Wasiƙa a zamanin yaƙi sai ta yi watanni a hanya. Hall bai jira amsa ba.

Ya aika wa Li Tim-Oi ta zo ta same shi. Ta bar Makau, ta ratsa ƙasar da sojojin Japan ke tsaro, wani wuri da ƙafa, wani wuri cikin kwalekwale, har ta kai. Suka yi kwanaki suna tattaunawa da addu'a. A ranar 25 ga Janairu 1944, a garin Shiu Hing, wanda yau ake rubutawa Zhaoqing, ya ɗora mata hannu ya naɗa ta firist. Ba ita ce mace ta fari da aka taɓa naɗawa cikin Kiristoci ba, gama tun 1853 wata ikkilisiya a Amurka ta naɗa Antoinette Brown fasto. Amma cikin ɗarikar Angilikan, wadda take riƙe da jerin bishop da firist da dikin tun daga zamanin dā, ba a taɓa yi ba. Ranar kuwa, cikin kalandar ikkilisiya, ita ce ranar tunawa da tuban Manzo Bulus, mutumin da za a yi ta jawo wasiƙunsa a kan wannan magana har shekaru masu yawa.

Ta koma Makau ta ci gaba da aikinta, ba ta san irin ƙurar da ta tashi a Ingila ba. Jaridar Church Times ta Landan ta kira Hall ɗan tawaye. Temple bai yarda da naɗin ba, amma ya rasu a Oktoba 1944 kafin ya yanke wani hukunci. Magajinsa Geoffrey Fisher ya fi shi tsanani. Da yaƙi ya ƙare, matsi ya taso daga Ingila, majalisar bishop-bishop ta ƙasar Sin kuma ta ce abin da Hall ya yi ya saɓa wa dokar ikkilisiya. A 1946 aka kawo wa Li Tim-Oi magana a fili: ko dai Hall ya bar kujerarsa, ko kuwa ita ta daina aikin firist. Ta zaɓi na biyun, domin tana ganin ikkilisiyar Sin ba za ta iya rasa Hall a wannan lokaci ba. Ta mai da takardar izinin aiki. Amma naɗin kansa ba ta yi musunsa ba, ko sau ɗaya, har ta mutu. Koyarwar ɗarikarta ce cewa naɗi kamar baftisma yake, ba a wanke shi. An karɓe sanda, ba a kwance rawani ba.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa ba tare da kewaye ba. Mutum yana iya gaskata da zuciya ɗaya cewa bai kamata a naɗa mace ba, ya kuma kawo hujjarsa daga Nassi. Amma mutum biyu ne suka tsaya a majami'ar Shiu Hing, mai naɗawa da wadda aka naɗa. Hall ya zauna a kujerarsa har 1966, ya yi ritaya da daraja. Wadda ta ratsa sojoji don amsa kiran shugabanta, ita ce ta biya bashin. Ba a kira ta gaban wata majalisa an ji ta bakinta ba.

Aka aike ta garin Hepu, can kudu wajen bakin teku, ta riƙe ikkilisiyar Barnaba Mai Tsarki. A nan ta buɗe gidan haihuwa, ɗaya daga cikin dalilanta kuwa shi ne a tsare ran jarirai mata waɗanda akan yar ko a kashe. A 1948 bishop-bishop na Angilikan na duniya suka taru a Lambet, taron da sukan yi wajen kowace shekara goma. Daga kudancin Sin aka kawo roƙo a bari a gwada naɗa mata har shekara 20 a gani. Taron ya ƙi. Ya ce yin haka ya saɓa wa al'ada da tsarin ɗarikar, zai kuma ɓata zumuncinta na ciki da na waje.

Wannan amsa tana nuna cewa masu ƙin naɗin ba bakinsu ɗaya ba. Kashi na fari, waɗanda suka fi kusa da Katolika a tunani, suna cewa Almasihu ya zaɓi manzanni goma sha biyu, dukansu maza, ko da yake mata da yawa suna binsa suna yi masa hidima. Firist a gaban tebur yana tsaye ne a madadin Almasihu, ikkilisiya kuma ta yi kusan shekara dubu biyu a kan wannan hanya. Wane ne reshe ɗaya da zai sāke abin da itacen duka ya riƙe? Kashi na biyu, masu jaddada Nassi, ba ruwansu da maganar tebur sosai. Su maganar shugabanci da koyarwa ce ta dame su. Suna nuna 1 Timoti sura 2, inda Bulus ya hana mace koyarwa da iko a kan namiji, ya kuma kafa hujja da cewa Adamu aka fara halitta. Suna nuna 1 Korantiyawa 14 da Afisawa 5. Ba su ce mace ta gaza namiji daraja a gaban Allah ba. Cewa suke yi daraja ɗaya ce, aiki ne dabam dabam.

Masu goyon baya su ma ba da hannu wofi suka zo ba. Suna farawa daga Farawa sura 1, inda namiji da ta mace duka aka yi su cikin kamannin Allah, su zo Galatiyawa 3:28, inda Bulus ɗin nan dai ya rushe bambancin Bayahude da Ba'al'umme, bawa da ɗa, namiji da mace cikin Almasihu. Suna tambaya, in Bulus ya rufe bakin mata ko'ina har abada, me ya sa a 1 Korantiyawa 11 yake koya musu yadda za su yi addu'a da annabci cikin taro? Suna buɗe Romawa 16 su ƙidaya matan da ya gaisar, tun daga Fibi mai hidimar ikkilisiyar Kankiriya. Suna tuna Debora wadda ta yi wa Isra'ila shari'a, da annabiya Hulda, da Maryamu Magadaliya wadda aka fara aika da labarin tashin Ubangiji. Game da Timoti kuwa, suna cewa wasiƙa ce zuwa Afisa a kan wata damuwa ta Afisa. Suna ƙara da cewa an daɗe ana kafa hujjar bauta da waɗansu ayoyin Bulus, kafin ikkilisiya ta gane ba haka nufinsu yake ba. 'Yan ɗaya gefen suna amsawa cewa bauta ba ta cikin tsarin halitta, amma namiji da mace suna ciki. Har yau a nan igiyar take ɗaure. A Amurka ma ɓangarorin biyu sun kafa ƙungiyoyi, na fari suka tsara matsayinsu a garin Danvers a 1987, na biyun suka kafa tasu ƙungiyar ba da daɗewa ba.

Akwai wani abu kuma da tarihin mishan ya sani, wanda gardamar ta daɗe tana tsallakewa. Ikkilisiyoyin Turai da Amurka sun yi ta aiko da mata zuwa Afirka da Asiya su yi abin da ba a bar su su yi a gida ba. Johanna Veenstra, wadda ta zauna a Lupwe kusa da Takum daga 1921, ta yi wa'azi, ta koyar da maza, ta horar da masu bishara har rasuwarta a 1933, alhali ikkilisiyar da ta fito daga ciki ba ta ba mace mumbari. In a bakin daji ne, ba a ga laifi ba. Sai abin ya zo kusa da gida ake tuna da Timoti. Labarin Makau ɗan'uwan wannan ne, sai dai Hall ya ƙi yarda a ci moriyar aikin a hana shi suna.

Ita dai Li Tim-Oi ba ta cikin wannan muhawara, gama ƙofar Sin ta rufu a kanta. 'Yan Kwaminis suka karɓi mulki a 1949. Ta ƙara karatu a Beijin, ta koyar a makarantar tauhidi ta Kanton, amma da yake Bature ne ya naɗa ta, sai aka riƙa yi mata kallon 'yar koren baƙi. Naɗin da Turawa suka ƙi amincewa da shi, shi ne kuma ya zama laifinta wurin masu ƙin Turawa. A 1958 aka tura ta gona tana kiwon kaji, daga baya aka mai da ita masana'anta. Ita da kanta ta ba da labari cewa akwai lokacin da wulakanci ya kai ta ga tunanin kashe kanta. Da juyin al'adu na Mao ya ɓarke a 1966, aka rufe majami'u duka, matasan Jajayen Dakaru suka tilasta mata ta yayyanka rigunanta na hidima da almakashi. Ba ta da Littafi, ba ta da taro, ba ta iya gaisawa da Kirista a hanya don kada ta jawo masa wahala. Da aka tambaye ta daga baya yadda ta yi, ta ce takan hau dutse ita kaɗai ta yi addu'a. Ta bar masana'anta a 1974. Sai a 1979 aka fara buɗe majami'u.

Tana cikin wannan duhu al'amura suka juya a waje. Taron Lambet na 1968 ya ce hujjojin tauhidi na gefe biyun ba su yanke magana ba. A 1971 sabuwar majalisar shawara ta Angilikan ta yi zamanta na fari a Limuru, ƙasar Kenya, ta amince da ƙuri'a 24 a kan 22 cewa bishop na Hong Kong yana iya naɗa mata in majalisarsa ta yarda. A Nuwamba na shekarar Bishop Gilbert Baker ya naɗa Jane Hwang da Joyce Bennett, aka kuma amince cewa Li Tim-Oi firist ce tun 1944. Amurka da Kanada suka bi a 1976. Afirka ma ba a bar ta a baya ba: a 1983 Bishop Festo Kivengere ya naɗa mata a Kigezi ta Uganda, Bishop Henry Okullu kuma ya naɗa Lucia Okuthe a Kenya. A 2012 Ellinah Wamukoya ta zama bishop a Swazilan, mace ta fari a wannan matsayi cikin Angilikan na Afirka. Saboda haka masu cewa wannan magana ta Turawa ce zalla ba su duba tarihi da kyau ba. Ingila ce ma ta zo a makare.

A farkon shekarun 1980 aka bar Li Tim-Oi ta tafi wurin danginta a Toronto ta Kanada, tana da shekara fiye da 70. Can aka mayar mata da izinin da ta ajiye a 1946, ta koma tsayawa gaban tebur. A Janairu 1984 aka yi bikin cikar shekara 40 da naɗinta a majami'ar Westminista ta Landan, cikin ƙasar da dokarta ba ta ba ta damar keɓe Jibin Ubangiji ba tukuna. A Fabrairu 1989 tana Boston sa'ad da aka naɗa Barbara Harris, mace ta fari da ta zama bishop cikin ɗarikar. Ta rasu a Toronto ranar 26 ga Fabrairu 1992.

Wata tara bayan haka, ranar 11 ga Nuwamba 1992, majalisar Ikkilisiyar Ingila ta jefa ƙuri'a. Ana bukatar kashi biyu cikin uku a kowane zaure, na bishop-bishop, da na firistoci, da na 'yan ikkilisiya. A zaure na ukun aka sami 169 a kan 82, da ƙyar aka haye. Ranar 12 ga Maris 1994 aka naɗa mata 32 a Biristol. Abin bai zo kyauta ba. Firistoci ɗaruruwa suka bar ɗarikar, da yawa suka koma Katolika, har da Graham Leonard, tsohon bishop na Landan. Su ma mutane ne masu lamiri, waɗansunsu sun bar gida da jama'ar da suka yi shekaru suna kiwo. Ga waɗanda suka zauna amma ba su yarda ba, aka keɓe musu bishop-bishop na musamman. A Mayu na wannan shekara Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya rubuta cewa Ikkilisiyar Katolika ba ta da ikon naɗa mata firistoci, ya kuma ce a ɗauki maganar a rufe. Abin da Lambet ta ji tsoro a 1948 game da zumunci ya tabbata.

A Nijeriya, Bishop Herbert Haruna na Kwara ya naɗa mata uku dikin a ƙarshen 1993, amma shugabannin ɗarikar suka ce naɗin bai inganta ba, ikkilisiyar Angilikan ta ƙasar kuwa ba ta buɗe wa mata ƙofar zama firist ba. Ingila ta sami bishop mace ta fari, Libby Lane, a Janairu 2015. A Oktoba 2025 aka bayyana sunan Sarah Mullally, wadda ta fara rayuwar aikinta a matsayin mai jiyya, cewa ita ce za ta hau kujerar Kantabari, kujerar da Temple da Fisher suka zauna a kai. Shugabannin Angilikan na Nijeriya suka fito suka ce ba su yarda ba, suka ambaci shugabancin mace, suka kuma ambaci matsayinta game da sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka.

Ikkilisiyar Angilikan ta Kanada tana tunawa da Li Tim-Oi a ranar rasuwarta. Ta Amurka kuwa ta so ta ɗaura tunawar a kan ranar naɗinta, amma 25 ga Janairu ta riga ta zama ta Bulus. Sai aka ba ta jajibirin, ranar 24.